Yadda aka zare masu kwana da tsofaffi a gidajen Birtaniya, aka bar musu igiya da maɓalli

A Birtaniya akwai wani nau'in gidajen tsofaffi da yawancinmu ba mu san da shi ba, don mu da an ce gidan tsofaffi abin da ke zuwa mana a rai shi ne wurin da ake kai wanda ya gaza, ana masa wanka ana ba shi abinci a baki. To wannan daban ne. Gini ne guda, ko jerin ƙananan gidaje a wuri ɗaya, ɗakuna kamar 30 ko 40, kowane tsoho ko tsohuwa da nasa falat ɗin, da ƙofarsa da makullinsa da kicin ɗinsa, haya yake biya kamar kowa, ya fita sanda yake so ya dawo sanda ya ga dama. Sai dai ba a ba ka sai ka kai shekara 55 ko 60, kuma akwai babban falo na kowa da kowa da ɗakin injin wanki da ɗan lambu. Masu gidajen galibi ƙananan hukumomi ne ko ƙungiyoyin gidaje waɗanda ba riba suke nema ba. Abin da ya bambanta wurin da sauran gidajen haya kuwa falat ɗaya ne, yawanci kusa da ƙofar shiga, inda wata ma'aikaciya take zaune ita da iyalinta, wadda suke ce wa warden, wato mai kula da gidan. Ita ce aka shafe shekara sama da 20 ana zarewa gida bayan gida, har ta kai yanzu samun wadda ke kwana a cikin ginin ya zama abin nema.

Na ce ma'aikaciya ne don mafi yawansu mata ne. A takarda aikinta ba shi da yawa, ba nas ba ce, ba a yarda ta ba da magani ko ta yi wa wani wanka ba. Da safe ta bi mutane ɗaya bayan ɗaya ta na'urar magana da ke jikin bango ko ta ƙwanƙwasa ƙofa, an tashi lafiya? In wani ya ja igiyar neman agaji cikin dare ƙararrawa a ɗakinta take bugawa, ta yafa riga ta ɗauki makullin da ke buɗe kowace ƙofa ta tafi. Ita ke kiran likita, ita ke buɗe wa motar asibiti, ita ke buga wa 'yar tsohuwa waya a wani gari ta ce mamanku fa ta kwana biyu ba ta cin abinci. Ita ke haɗa shayin safe a falo da wasan bingo da cin abincin Kirsimeti, ita ke karanta wa wanda idonsa ya yi rauni wasiƙar da hukuma ta aiko. Amma babban aikin ba ya cikin takardar ma sam, shi ne ido. Ta ga kwalbar madara har ƙarfe 11 tana bakin ƙofa ba a ɗauka ba, ta ga labulen da kullum ake ɗagewa ƙarfe 7 yau a sauke yake, ta lura wane da ke aske gemu kullum ya yi mako bai aske ba, ko wance ta fara tambayar abu ɗaya sau uku. Wanda ke zuwa sau ɗaya a mako ba zai ga wannan ba ko da ya fi ta takardun karatu, tunda bai san yadda mutumin yake ranar da yake lafiya ba.

Nasan tambayar da Bahaushe zai fara yi ita ce ina 'ya'yansu. Suna nan, wasu ma suna zuwa duk ƙarshen mako, amma aiki ya watsa su garuruwa, gidajen ƙanana ne, kuma su kansu tsofaffin da yawansu sun fi son zama a nasu wurin da a ce suna ɗakin baƙi a gidan suruki. Wasu kuma ba su haihu ba ko sun binne kowa nasu. Wannan muhawara ce ta daban, a nan dai mu ɗauki ƙasar yadda take.

Tsarin yana da tsohon asali, tun gidajen sadaka da coci da attajirai ke gina wa tsofaffi, irin na St Cross da ke Winchester wanda yake nan tun wajen shekarun 1130 kuma har yau akwai mazauna a ciki. Amma na zamanin nan bayan yaƙin duniya na biyu ya bunƙasa, ƙananan hukumomi suka yi ta gini a shekarun 1960 da 1970, har a 1969 ma'aikatar gidaje ta fitar da takardar da ta raba su aji biyu, aji na biyu shi ne na waɗanda suka fi rauni, mai falo na kowa da mai kula. Gwamnati tana da nata lissafin, in tsohuwa ta bar gida mai ɗaki 3 da ta rena 'ya'yanta a ciki ta koma ƙaramin falat, an samu gidan da za a ba matasa masu iyali. Abin da ake lallashinta da shi ta yarda ta bar gidan da ta yi shekara 40 a ciki kuwa shi ne, can akwai mai kula dare da rana. Ka riƙe wannan, don shi ne tushen fushin da ya biyo baya.

Ruwa ba ya tsami banza, kuma a nan abin da ya fara tsamar da shi hanyar biyan kuɗi ce. A da albashin mai kula a cikin haya yake, a cakuɗe, ba wanda ya ware shi, in kai talaka ne tallafin kuɗin haya na gwamnati ya biya duka shikenan. Sai a 1997 kotu ta ce ai wannan tallafin na haya ne da abin da ya shafi gini, ba na kula da mutum ba. Gwamnatin jam'iyyar Leba ta lokacin ta yi ɗan tsarin wucin gadi, sannan a Afrilun 2003 ta ƙaddamar da shirin da ta sa wa suna Supporting People, aka tattara duk kuɗin tallafa wa masu rauni su zauna a gidajensu aka zuba a asusu ɗaya, na tsofaffi da marasa matsuguni da matan da suka gudo daga dukan miji da masu fama da shaye-shaye da waɗanda suka fito daga kurkuku, aka miƙa wa ƙananan hukumomi su riƙa ba da kwangila. A lissafin farko ba a zaci abin zai kai fam biliyan 1 ba, da aka tashi sai ga fam biliyan 1.8 a Ingila kaɗai, hankalin baitulmali ya tashi, tun daga shekarar da ta biyo baya aka fara datsewa.

To a nan gizo ke saƙar. Ranar da aka ciro kuɗin mai kula daga cikin haya aka rubuta shi a layinsa shi kaɗai, ranar ya zama abin da ake iya gani a nuna da yatsa a ce wannan me yake saya mana. Sabon tsarin kuma da mutum ɗaya ɗaya yake aiki, a auna buƙatar kowa, a rubuta masa takardar irin taimakon da zai samu, a zo a duba ko an cim ma abin da aka rubuta. Jami'i ya zo gida mai mutum 35 da fom ɗinsa, ya tambayi kowa, sai ya tarar 20 sun ce su lafiyarsu ƙalau, suna zuwa kasuwa da ƙafarsu, wasu ma mota suke tuƙawa. Sai ya rubuta cewa ana biyan kuɗin taimakon mutanen da ba sa buƙatar taimako. A kan fom gaskiya ya faɗa. Abin da fom ɗin ba shi da gurbinsa shi ne, su 20 ɗin nan ba don yau suka shigo gidan ba, don ranar da ƙafa za ta ƙi suka shigo, kamar dai maigadin layi ne, ba za ka ce a sallame shi don bana ɓarawo bai shigo gidanka ba. Ga shi tsofaffin su ne mafi yawa a cikin masu cin gajiyar shirin in ana ƙirga kai, amma abin da ake kashewa kan kowane ɗayansu ɗan kaɗan ne a mako, don haka in an zauna rabon kuɗin da bai isa ba, tsakanin matar da ta gudo da yara cikin dare da tsohuwar da ta ce lafiyarta lau, kowa ya san wanda za a fara taɓawa.

Duk da haka har zuwa 2009 kuɗin a ɗaure yake, ƙaramar hukuma ba ta da ikon ɗibarsa ta yi wani aiki. A Afrilun 2009 aka kwance wannan sharaɗin a Ingila, Sukotilan ma ta riga ta kwance nata tun 2008, daga baya kuma aka narkar da kuɗin gaba ɗaya cikin kason da gwamnatin tsakiya ke ba ƙananan hukumomi, ko sunansa ba ka gani. Ana cikin haka aka yi zaɓen 2010, gwamnatin David Cameron ta zo da tsuke bakin aljihu, ofishin babban mai binciken kuɗi na ƙasar ya ce tsakanin 2010 da 2018 abin da gwamnatin tsakiya ke ba ƙananan hukumomin Ingila ya ragu da kusan rabi in an cire hauhawar farashi, kuma a shekaru huɗun farko kaɗai abin da suke kashewa a wannan shirin ya faɗi da kusan kashi 45 cikin 100. Dalili a fili yake, akwai ayyukan da doka ta wajabta musu, kare yara, kula da masu tsananin buƙata, kwashe shara, in ba su yi ba kotu ce. Mai kula da gidan tsofaffi ba ta cikin wajibai. Wales ce ta bar nata kuɗin a ɗaure, shi ya sa labarin can ya ɗan bambanta, amma can ma masu kwana a gida sun ragu, wanda ke nuna maka ba kuɗi kaɗai ba ne.

Akwai dokar awannin aiki, kuma wannan ɓangaren masu kewar zamanin da ba su cika son a taɓo shi ba. A 1998 Birtaniya ta shigo da dokar Tarayyar Turai da ta ce kada aiki ya wuce awa 48 a mako in an yi matsakaicin lissafi, kuma ma'aikaci ya samu hutun awa 11 a jere kowace rana, a 1999 kuma mafi ƙarancin albashi ya fara aiki. Sai kotun Turai ta yanke hukunci a shari'ar wasu likitocin Sifaniya a 2000 da ta wani likita a Jamus a 2003, cewa in an tilasta maka zama a wurin aiki kana jiran kira to aiki kake yi ko da barci kake. A 2006 abin ya iso kan masu kula da gidajen tsofaffi kai tsaye, kotun ɗaukaka ƙarar ma'aikata ta duba batun wata mata da ke zaune a gidan da take kula da shi, kwana 4 a mako tana kan kira awa 24 ba ta da damar yin nisa, kotu ta ce duk awannin nan aiki ne. Masu gidaje suka buga lissafi suka ga in haka ne mutum ɗaya ba zai iya riƙe gida ba, sai uku ko huɗu suna karɓa-karɓa, kuma ba mai biyan wannan. A 2021 kotun ƙoli ta zo ta ce awannin da mai kwanan aiki yake barci ba sa cikin lissafin mafi ƙarancin albashi, amma ihu ne bayan hari, falat ɗin masu kula an daɗe da mayar da su ofis ko an zuba 'yan haya.

Kuma tsakani da Allah tsohon tsarin a kan wuyan matan nan aka gina shi. Albashi kaɗan, wai ai an ba ki gida. Ranar hutunki ma ana ƙwanƙwasa miki ƙofa don rimot ɗin talabijin ya ƙi aiki, ba ki isa ki ce ba kya aiki yau ba tunda ga ki ana gani, mijinki ya zama mai canza ƙwan fitila da gyaran famfo kyauta, 'ya'yanki ba su isa su yi hayaniya ba, ranar da kika yi ritaya ko kika bar aikin kuma gidan ma kin bar shi. Mutuwa kuwa ke ce mai fara gani, mutanen da kika yi shekaru kina gaisawa da su kullum. Tun kafin 2003 masu gidaje ke kukan ba sa samun masu neman aikin. Sannan ba duka ne na kirki ba, akwai masu 'yan gaban goshi, akwai wadda ta mayar da gidan masarautarta, akwai mai shiga ɗakin mutum da makullinta ba sallama, akwai tsofaffin da suka ji daɗi da aka daina leƙa su kowace safiya kamar yara. Duk wanda ya ce maka a da komai lafiya lau ne bai tambayi matan da suka yi aikin ba.

Abin da aka kawo a madadi kashi biyu ne. Na farko ma'aikata masu yawo, mutum ɗaya ko ƙaramar tawaga da mota suna zagaya gidaje 5 ko 6, daga Litinin zuwa Juma'a, safe zuwa yamma, wanda aka auna aka ce yana da buƙata a leƙa shi sau ɗaya ko biyu a mako, wanda aka ce ba shi da ita sai dai ya nema. Na biyu na'ura, igiyar da ke rataye a banɗaki da ɗakin kwana da ɗan maɓallin da ake ratayawa a wuya ko a ɗaura a hannu, in ka danna sai murya ta fito daga bango, daga wata cibiyar amsa kira da wataƙila tana wani gari mai nisan mil 100, mai amsawa ya buɗe bayananka a kwamfuta, ya kira ɗanka ko maƙwabcin da ke riƙe da makulli ko ya buga 999, lambar kiran agajin gaggawa. Ita na'urar ba sabuwa ba ce, kamfanin Tunstall na Yorkshire tun wajen shekarun 1960 yake yin irinta, amma a da ɗakin mai kula take bugawa, yanzu kuwa wayar ta tsallake ginin gaba ɗaya.

Hujjar da hukumomi suka kawo ba ta banza ba ce, dole a faɗa. Tsofaffin da ke irin waɗannan gidajen ko ɗaya cikin goma na tsofaffin ƙasar ba su kai ba, sauran suna gidajensu na asali, da yawansu sun fi na ciki rauni da kaɗaici, ba mai leƙa su. Tun dokar kula da jama'a ta 1990 manufar ƙasar ita ce a kai wa mutum taimako inda yake. To don me za a ɗaure ma'aikaci a gini ɗaya saboda mutum 35 alhali a layin baya akwai tsohuwa mai shekara 90 ita kaɗai a bene? A saki ma'aikacin ya zagaya kowa. Magana ce mai ma'ana, da a ce kuɗin da aka cire daga ginin ya bi ma'aikacin zuwa layin baya. A wurare da yawa ba haka aka yi ba, an fara da sunan raba taimako daidai, da tsuke aljihu ya zo sai aka yanke na masu yawon ma, wasu ƙananan hukumomin suka daina ba gidajen tsofaffi ko sisi.

Tsofaffin ba su yi shiru ba. A 2009 ƙungiyar taimakon tsofaffi ta Help the Aged, wadda daga baya ta haɗe da Age Concern suka zama Age UK, ta fitar da rahoto kan yadda ake sauya tsarin ba tare da an saurari mazauna ba, aka yi zanga-zanga da sanduna da kekunan guragu, aka tafi kotu. Shari'ar da ta fi yin suna ita ce ta Barnet a arewacin Landan da ta Portsmouth a gaɓar kudu, inda a Disambar 2009 babbar kotu ta soke shawarar ƙananan hukumomin biyu, Barnet na son cire masu kula mazauna, Portsmouth na son maye gurbin masu kwanan dare da tawagar mota. An yi murna sosai, amma in ka duba dalilin hukuncin sai jikinka ya yi sanyi. Alƙali bai ce tsoho yana da haƙƙin a bar masa mai kula ba. Cewa ya yi ba a nuna kansiloli sun yi la'akari yadda ya kamata da nauyin da dokar hana wariya ga naƙasassu ta 1995 ta ɗora musu ba kafin su yanke shawara. Wato hanya aka kuskure. Darasin da sauran hukumomi suka ɗauka kenan, a yi taron jin ra'ayi, a rubuta takardar nazarin tasiri mai kauri, a tabbatar kansiloli sun karanta, sannan a yi abin da dama aka yi niyya. Masu cewa ai an yi mana alkawari kuma suka koma takardar hayarsu, da yawa suka tarar an rubuta cewa mai gida na iya sauya hidimomi bayan ya tuntuɓi mazauna, alkawarin a baki yake da cikin ƙasidar talla.

Wannan shi ne ya fi tsaya min a rai a duk lamarin. Mai shekara 40 in mai gida ya sauya masa sharaɗi sai ya tattara ya tashi. Mai shekara 84 da ta mayar da gidanta ga hukuma ko ta sayar, ta rabar da kujeru da kwanuka don falat ɗin ba zai ɗauka ba, ina za ta koma? Ko da sauyin ya zama dole, an iya cewa waɗanda suka shigo a kan tsohon sharaɗi a bar musu, sababbi su shigo da sanin abin da za su tarar, sai dai hakan na nufin biyan tsari biyu na wasu shekaru, kuma ba wanda ya so biya.

Sai maganar ko an ma yi tsimin da gaske. Hukumar NICE mai fitar da ƙa'idojin lafiya ta ce kusan kashi 30 cikin 100 na waɗanda suka haura 65 suna faɗuwa aƙalla sau ɗaya a shekara, a waɗanda suka haura 80 kuwa rabi ne, kuma faɗuwar tsofaffi na cin hukumar lafiya ta NHS sama da fam biliyan 2.3 a shekara. Likitoci sun san ba faɗuwar ce kaɗai matsala ba, daɗewa a ƙasa ne, wanda ya yi sama da awa ɗaya a kwance kan tayil mai sanyi jikinsa na iya lalacewa ko da bai karye ba. Maɓallin wuya yana aiki ne in yana wuyan, kuma duk wanda ya yi aiki da tsofaffi ya san inda yake kwana, kan durowar gefen gado, an cire za a shiga wanka, ko an ƙi sawa don kada a ce an tsufa, ko an faɗi amma an ƙi dannawa wai kada a dami mutane cikin dare. Yaranmu da suka tafi Birtaniya aikin kula da tsofaffi bayan an buɗe bizar wannan aikin a 2022 suna ganin wannan da idonsu, ka shiga ziyarar minti 30 ka tarar da mutum a ƙasa tun asuba. In an danna ɗin ma, mai amsa kira ba ya ganin mutum, ba zai iya cewa wannan tsorata kawai ta yi a haɗa mata shayi a zauna da ita minti 10 ba, abin da ya fi masa aminci ya turo motar asibiti, motar ta kai ta sashen gaggawa, a kwantar da ita, ranar sallama kuma a ce ba za a sallami mai rauni zuwa gidan da ba kowa ba, gado ya toshe. Binciken da ma'aikatar ƙananan hukumomi ta sa kamfanin Capgemini ya yi a 2009 ya ƙiyasta cewa fam biliyan 1.6 da ake kashewa a shirin Supporting People gaba ɗaya yana tsimin kusan biliyan 3.4 a wasu wuraren. Ƙiyasi ne, ana iya jayayya da shi, amma ko rabinsa ne gaskiya matsalar tana nan, wanda ya yanke albashin mai kula ƙaramar hukuma ce, wanda ke biyan motar asibiti da gado NHS ce, asusunsu daban shugabanninsu daban, kowa ya iya allonsa ya wanke.

Har abubuwan da ba wanda ya yi tunaninsu sun taɓu. A Birtaniya sai da lasisi ake kallon talabijin, kuɗinsa ya haura fam 170 a shekara, amma mazauna irin waɗannan gidajen suna da rangwame na fam 7.50 kacal, da sharaɗin akwai mai kula da ke zaune a wurin ko take aiki a wurin aƙalla awa 30 a mako. Da aka koma masu yawo sai gidaje suka faɗi wannan sharaɗin, tsofaffin mazauna aka bar musu rangwamensu, sabon shigowa kuma ya biya cikakke in ba ya cikin waɗanda aka yafe wa, ƙofa da ƙofa kuɗi daban. Falon kowa da kowa ma haka, da ba mai kunna butar shayi ta bi ƙofofi tana cewa ku fito, a wasu gidajen mazauna masu ƙarfi sun karɓi abin suna yi da kansu har ya fi da, a wasu kuwa falon a kulle yake sai ranar taro. Ga kuma wani abu da mazauna ke yawan kuka da shi, tunda an daina kallon wurin a matsayin mai kulawa ta musamman, kuma wasu tsofaffin falat masu ɗaki ɗaya ba mai so, sai hukuma ta fara zuba duk wanda ya kai 55 da ke layin neman gida, har da masu fama da giya ko taɓin hankali waɗanda su kansu taimako suke buƙata, a haɗa su bene ɗaya da masu shekara 90 ba kowa a ofis bayan ƙarfe 5. Ƙasar da ta yi wannan ita ce a Janairun 2018 ta naɗa Tracey Crouch ministar yaƙi da kaɗaici.

Ni dai ban ga hanyar komawa tsohon tsari ba, ba za a sake samun matan da za su ba da rayuwarsu dare da rana a kan wannan albashin ba, kuma bai kamata a nema ba. Amma tsakanin mai kwana a gida da murya a bango akwai fili mai faɗi. Wasu masu gidajen sun riƙe ma'aikaci ɗaya tsayayye a kowane gida da rana, fuska ɗaya da kowa ya sani, dare kuma tawagar da ke iya isowa da abin ɗaga mutum daga ƙasa ba sai an kira motar asibiti ba. Yadda suke biya ma abin dariya ne, sun sake wa aikin suna ya zama kula da gini, duba ƙofa da ƙararrawar gobara da gyare-gyare, don tallafin haya ya yarda ya biya, wato an zagayo kusa da inda aka baro kafin 2003, sai dai yanzu a takarda ginin ma'aikacin yake kula da shi, mutanen kuma a sace yake duba su. Wasu wuraren an ba mazauna zaɓi su ƙara kuɗi daga aljihunsu a riƙe musu ma'aikaci, sai rigima ta koma tsakaninsu, mai ɗan fansho da bai cancanci tallafi ba yana cewa ba zai iya ba, wanda gwamnati ke biya wa yana cewa a riƙe. Kuɗin gini na gwamnati kuma ya karkata ga sabon samfuri mai ma'aikatan jinya awa 24 a cikin ginin, yana da kyau amma yana da tsada kuma guraben kaɗan ne, galibi sai ka riga ka raunana ake ba ka.

Ita na'urar da aka jingina komai a kanta ma yanzu tana da nata tashin hankalin. Kamfanonin waya suna rufe tsohon layin tarho na jan ƙarfe suna mayar da kowa kan intanet, an fara sa ƙarshen 2025 sai aka ɗaga zuwa Janairun 2027, kuma babban dalilin ɗagawar shi ne mutum kusan miliyan 2 da ke amfani da maɓallan nan, don da yawan tsofaffin na'urorin ba sa jituwa da sabon layi, har a Disambar 2023 gwamnati ta sa kamfanonin suka yi alkawarin ba za su sauya wa mai irin wannan na'urar layi ba sai an tabbatar tana aiki. Tsohon layi da wutarsa yake zuwa daga ofishin waya, ko an ɗauke wuta yana aiki, sabon kuwa da wutar gida yake, abin da hukumar Ofcom mai sa ido kan harkar sadarwa ta wajabta wa kamfanoni ga wanda ya dogara da layin gida shi ne hanyar da zai iya kiran agaji na aƙalla awa ɗaya in wuta ta ɗauke. Sauya na'urorin gini guda kuɗi ne masu yawa, kuma a gidaje da dama a kuɗin hidimar da mazauna ke biya ake ɗora shi.